Littafi Mai Saiwa

A tsohuwar maƙabartar Garwa, bayan marina,
ba a rubuta sunan kowa ba.
Tudun ƙasa ne, da sakainar tukwane wajen kai,
sai itatuwa.
Baba Jijji mai haƙa ya dube ni ya ce:
“Kai mai neman rubutu, ɗaga ido.
Ga littafinmu nan a tsaye.”

Ya dafa tsamiya kamar kafaɗar aboki.
“Madugu Ɗanwaire ke nan.
Sau goma sha ɗaya ya kora jakuna Gwanja,
ya ƙetare Binuwai tun ba a yi mafarkin gada ba.
Ranar da zai cika, ya sa aka ƙone takardun bashi.
Har yau mata na tsintar tsamiyarsa
su dama kunun azumi,
kuma har yau ba ya cewa a biya.”

Muka ratsa ciyawa, ƙarangiya na riƙe mana wando.

Gawo ya tsaya tsirara a tsakiyar damina.
“Kamar mai shi,” in ji Baba, yana dariya ba haƙori.
“Alƙali Hammadikko.
Baturen Jamus ya miƙa masa alƙalami, ya ce sa hannu,
ya mayar da hannun cikin riga.
Kowa ya yi ganye, shi ya zubar.
Da rani ya ƙone kowa,
a gindinsa aka zo neman inuwa.”

Giginya kuwa ba mu daɗe ba.
Wani attajirin auduga ne, mai kwale-kwale tara,
ya gina rijiyoyi har Marwa,
'ya'yansa na kwana da yunwa.
Baba ya nuna inuwar can nesa, kan kabarin wani baƙo,
bai ƙara komai ba.

A wajen kuka ya tuɓe takalmi.
Zuma na guna a kogonta.
“Goggo Asta Petel, ungozoma.
Rabin waɗanda ke kwance nan
ita ta yanke musu cibi,
ita ta fara jin kukansu.
Dubi yadda suka kewaye ta,
kamar har yanzu wanka suke jira.”

Akwai darbejiya, baƙuwa mai ɗaci,
kan Sajan Barau da ya je yaƙin Faransa
ya dawo da kunne ɗaya da lamba a ƙirji.
Lambar ya sayar, ya auno gero.

Sai muka zo ga kututture.
Sabon sara, baƙin gawayi a gefe,
sawun amalanke ya nufi gari.
Na ce, wa ke nan?
Baba ya daɗe yana kallon ƙasa.
“Marke ne a da. Idan na gan shi, sunan kan zo.
Da dare suka sare.
Sunan ya bi itacen cikin buhu.”

Ban zo don manya ba.
Mahaifina tela ne a bakin kasuwa,
ya rasu ina Njamena, ban ga likkafaninsa ba.
Baba ya jingina baya da kuka,
ya ƙirga taku bakwai wajen alƙibla,
ya tsaya.

Ba itace.
Sai 'yar magarya, ba ta kai gwiwa ba,
awaki sun gaigaye mata kai.
“Ba ni na shuka ba,” ya ce. “Tsuntsu ne ya yar.
Amma da ganyenta muka wanke shi.”

Na yi addu'a, na sari ƙaya na kewaye ta,
na juye mata ruwan butata duka.

Da za mu fita, Baba ya riƙe hannuna.
“Idona ya fara hazo.
Juma'a mai zuwa ka zo da yaronka.
A tsamiya za mu fara.”